Sanyi, Inji da Lantarki: Tarihin Tayar da Mota Daga Ƙarfen Murɗawa Zuwa Batir

Gabatarwa

Idan aka ɗauki littattafan tarihin mota, za a tarar yawancinsu sun fi mayar da hankali ga gudu da kyawun ƙira da sunayen attajiran da suka kafa kamfanoni. Ba kasafai marubuta kan tsaya a kan 'yan daƙiƙun nan na farko ba, wato tsakanin lokacin da direba ya iso ga motarsa da asuba da lokacin da inji ya amsa masa. Alhali kuwa waɗannan daƙiƙu suna da babban hannu wajen zaɓa wa duniya irin motar da ta hau a ƙarni na ashirin. Injin fetur, duk da ƙarfinsa, yana da wani rauni na asali, wato ba ya iya tayar da kansa. Sai wani ƙarfi daga waje ya juya shi kafin ya kama, kuma gwargwadon tsananin sanyi, gwargwadon wahalar juyawar.

Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda Turai da Amurka suka yi fama da wannan rauni, tun daga zamanin ƙarfen murɗawa har zuwa yau da ake cire injunan tsofaffin motoci ana sa musu batir, ko kuma a ƙera sababbi masu lantarki da kamannin na da. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, lantarki tsohon ɗan gida ne a cikin mota. Shi ya ceci injin fetur daga wulaƙancin safiyar hunturu, kuma da wannan taimako ne ya kori kansa daga kan titi na kusan shekara ɗari. Yanzu da ya dawo sanye da rigar tsofaffin motoci, sanyin da ya jarraba injin fetur yana nan yana jiran sa.

Motoci Uku a Bakin Ƙarni

A shekarar 1886 ne Bajamushen nan Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku, wadda galibi ake ɗauka a matsayin motar fetur ta farko. Sai dai shekara goma sha huɗu bayan haka, fetur bai kasance kan gaba ba. Daga cikin motoci 4,192 da aka ƙera a Amurka a shekarar 1900, guda 1,681 masu tururi ne, 1,575 masu lantarki, sa'an nan 936 kacal masu fetur. Ko a fagen gudu ma lantarki ne ya riga: motar farko da ta haura kilomita 100 a sa'a mai batir ce, wadda wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya tuƙa a kusa da birnin Paris a shekarar 1899.

Kowace daga cikin ukun nan tana da halinta idan gari ya waye da sanyi. Motar tururi sai an hura mata wuta an jira ruwan tukunyarta ya tafasa, abin da kan ci rabin sa'a ko fiye, kuma idan aka bar ruwa ya kwana a cikinta ya daskare, to, bututunta na iya fashewa. Motar fetur sai an murɗa ta da hannu. Motar lantarki kuwa shiga kawai ake yi a tura sanda, ta kama hanya ba ƙara ba hayaƙi. Wannan ya sa likitocin da ake kira cikin dare da matan attajiran birane suka fi son ta. Hatta Clara Ford, matar Henry Ford, motar lantarki ƙirar Detroit Electric take hawa, alhali mijinta na cika duniya da motocin fetur.

Dalilin da Ya Sa Sanyi ke Hana Inji Tashi

Kafin a ci gaba, yana da kyau a fahimci abin da sanyi ke yi wa inji. Da farko dai, fetur ba ya kamawa yana ruwa. Sai ya zama tururi ya gauraya da iska kafin tartsatsin fulogi ya kunna shi. A tsofaffin motoci kafireto ne ke yin wannan gauraye. Idan ƙarfe ya yi sanyi, fetur ɗin da kafireto ya fesa yakan manne a jikin bututu, kamar raɓa a jikin kwano, sai abin da ya isa silinda ya kasa kamawa. Maganin da aka samo shi ne cok, wato wani marfi da ke rage iskar da ke shiga, don fetur ya yi yawa a cikin gaurayen. Amma cok ɗin ma yana da iyaka: idan aka ja shi ya wuce kima, fetur ya jiƙa fulogi, sai inji ya shaƙe ya ƙi tashi ƙememe.

Na biyu, man inji yakan yi kauri da sanyi, kamar yadda man shanu ko manja ke daskarewa a kwanakin hunturu. Fistin da sauran sassan da ya kamata su zame cikin sauƙi sai su yi nauyi. Na uku, ruwan lagireto yakan daskare idan sanyi ya sauka ƙasa da sifili, kuma da yake ruwa na kumbura idan ya zama ƙanƙara, yana iya tsaga gangar injin kanta. Ke nan, a daidai lokacin da inji ya fi bukatar a juya shi da sauri, a lokacin ne ya fi wuyar juyawa.

Zamanin Ƙarfen Murɗawa

Ƙarfen murɗawa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan niƙa ya ga yadda ake tayar da injin dizal da hannu. Irinsa ne ake zurawa a gaban motocin farko. Motar Ford Model T, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, ita ce ta koya wa talakawan Amurka wannan aiki. Direba zai ja birkin hannu, ya mayar da sandar tartsatsi baya don kada wuta ta riga fistin isowa, ya buɗe totur kaɗan, sa'an nan ya zaga gaba ya ja wata 'yar waya ta cok da ke leƙowa ta gefen lagireto. Bayan haka sai ya kama ƙarfen ya fizgo shi sama, ba tare da ya naɗe babban yatsansa a kai ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, idan wuta ta kama kafin lokaci, inji yakan juya da baya, ƙarfen ya dawo da ƙarfin da zai karya wuyan hannu ko haƙarƙari ko muƙamuƙi. Abin ya yi yawa har likitoci suka raɗa wa wani nau'in karayar wuyan hannu sunan karayar direba, sunan da ke cikin littattafansu har yau.

Da hunturu kuwa aikin sai ya ninka. Masu Model T sukan ɗaga ƙafar baya guda da jak kafin su murɗa, domin farantan kulocinta cikin man inji suke wanka, kuma idan man ya yi kauri sai su manne, motar ta riƙa rarrafowa kan mai murɗa ta. Wasu su zuba tafasasshen ruwa a kan bututun fetur, wasu su tura kaskon garwashi ƙarƙashin inji, wasu kuma su tsiyaye ruwan lagireto kowane dare su mayar da mai zafi da safe. Manoma da yawa a jihohin arewacin Amurka sukan jingine motar gaba ɗaya idan ƙanƙara ta sauka, su koma ga doki har bazara. Muddin haka lamarin yake, mota ta kasance kayan majiya ƙarfi, kuma abin hawan rabin shekara.

Sitata ta 1912

Ruwayar da ta yaɗu a birnin Detroit tana cewa wani maƙerin motoci mai suna Byron Carter ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu a kan gada cikin hunturu, ƙarfen murɗawa ya dawo ya karya masa muƙamuƙi, kuma jinyar ta zama ajalinsa a shekarar 1908. An ce wannan ne ya sa Henry Leland, shugaban kamfanin Cadillac, ya ƙudura sai an raba mota da ƙarfen nan. Abin da tarihi ya tabbatar dai shi ne, Leland ya ba Charles Kettering da kamfaninsa na Delco aikin, kuma motocin Cadillac na shekarar 1912 sun fito da sitata mai lantarki.

An daɗe ana tunanin sitata kafin Kettering, amma injiniyoyi sun ɗauka sai injin lantarki mai girman gaske ne zai iya juya injin mota. Kettering ya taɓa aiki a kamfanin National Cash Register, inda ya sa wa akwatin kuɗin kanti ɗan ƙaramin injin lantarki. A can ya gane cewa ƙaramin inji na iya ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, in dai na 'yan daƙiƙu ne sa'an nan ya huta. Wannan shi ne sirrin sitata. Ya kuma haɗa ta da batir da fitilu da na'urar da ke mayar wa batir caji yayin tafiya, suka zama tsari guda. Kamfanin Ford ya fara sa sitata a Model T a shekarar 1919, kuma zuwa 1920 yawancin sababbin motocin Amurka suna da ita.

Hausawa na cewa garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Babban abin da motar lantarki ke tinƙaho da shi shi ne sauƙin tashi, sai ga shi lantarkin da kansa ya miƙa wa abokiyar hamayyarta wannan sauƙi. Gaskiya ne akwai wasu dalilan. Rijiyoyin man Texas da suka ɓalle tun 1901 sun sa fetur ya yi arha. A shekarar 1912 ana samun motar fetur a kan dala 650, alhali mai lantarki ta kai dala 1,750. Tituna sun fara miƙewa zuwa ƙauyukan da wutar lantarki ba ta kai ba. Amma sitata ce ta ƙwace wa motar lantarki kwastomominta na ƙarshe, wato mata da dattawa da likitoci. Kamfanin Detroit Electric ya lallaɓa har zuwa 1939 sa'an nan ya rufe. Daga nan lantarki ya koma ɗaukar madara a titunan Ingila da ɗaga kaya a ma'ajiyu.

Yaƙi da Sanyi Bayan Sitata

Sitata ta ɗauke wahala daga hannun direba ta ɗora wa batir, shi kuma batir yana da nasa rauni. Batirin darma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, yana samar da wuta ne ta hanyar cuɗanyar sinadarai, sanyi kuwa yana rage saurin wannan cuɗanya. A digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, batir na iya rasa kusan rabin ƙarfinsa. Shi ya sa har yau ake auna ingancin batirin mota da yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a daidai wannan sanyi, ko da kuwa a ƙasa mai zafi za a sayar da shi.

Sauran shekarun ƙarnin sun tafi wajen toshe ƙofofin da sanyi ke shigowa. A shekarun 1920 aka fara sayar da ruwan hana daskarewa na lagireto. A 1949 wani injiniya daga jihar Dakota ta Arewa mai suna Andrew Freeman ya yi rajistar wata hita da ake dasawa a jikin inji a jona ta da wutar gida, inji ya kwana da ɗumi. A shekarun 1950 aka samu man inji da ba ya kauri sosai da sanyi kuma ba ya tsinkewa da zafi. Harafin W da ake gani a jikin galan, kamar 10W-30, daga kalmar Ingilishi ta hunturu aka ɗauko shi. A cikin waɗannan shekaru ne kuma motocin Amurka suka tashi daga batir mai bolt 6 zuwa mai bolt 12.

Injin dizal ya fi na fetur shan wahala, domin ba shi da fulogin tartsatsi. Zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna mai, kuma ƙarfe mai sanyi yakan shanye wannan zafi. Daɗin daɗawa, man dizal kansa yakan yi kakkaura ya toshe matata. Dabarun da aka yi a kansa suna da ban mamaki. Tarakta ƙirar Lanz Bulldog ta Jamus, wadda ta fito a 1921, sai an gasa kan injinta da fitilar wuta ya yi ja, sa'an nan a murɗa ta; a wasu samfuranta ma sitiyarin ake cirewa a murɗa da shi. Tarakta ƙirar Field Marshall ta Ingila, ta 1945, ana zura mata takarda mai ci da wuta, a sa wani harsashi marar dalma a buga shi da guduma, ƙarfin fashewar ya tura fistin. Manyan katafila kuwa ɗan ƙaramin injin fetur ake fara tayarwa, shi kuma ya juya babban har ya yi ɗumi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna cewa wannan batu na iya zama na rai da mutuwa. A hunturun 1941, a bakin birnin Mosko, sojojin Jamus sun riƙa hura wuta a ƙarƙashin tankokinsu don mai ya narke, alhali tankar Sobiyet ƙirar T-34 tana ɗauke da tulunan matsattsiyar iska da ke juya injinta idan batir ya gaza. Har yau a birnin Yakutsk na Saiberiya, inda sanyi kan wuce digiri 40 ƙasa da sifili, direban da ba shi da gareji mai ɗumi yakan bar injinsa a kunne dare da rana.

Abin da ya kawo ƙarshen cok shi ne injekta mai aiki da na'urar lantarki, wadda kamfanin Bosch ya fara sa wa wata motar Volkswagen a 1967. Na'urar takan auna zafin inji ta ba shi daidai fetur ɗin da yake bukata. Zuwa farkon shekarun 1990 kafireto ya ɓace daga sababbin motocin Turai da Amurka. Shi kuwa ƙarfen murɗawa ya yi tsawon rai fiye da yadda ake zato, domin motar Citroën 2CV ta Faransa ta riƙe shi a matsayin ko-ta-kwana har aka daina ƙera ta a 1990.

Motocin wancan zamani na kafireto su ne suka cika titunan Nijeriya. A shekarar 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna da ta Volkswagen a Legas. Fijo 504 ta ci gaba da fitowa daga Kaduna har 2006, shekaru da dama bayan an daina ƙera ta a Faransa. Ita kuwa Volkswagen Beetle, wadda Yarbawa suka raɗa wa suna Ijapa, wato kunkuru, iska ce ke sanyaya injinta, don haka ba ta da ruwan da zai daskare, kuma wannan na cikin abin da ya sa ta karɓu a ƙasashen ƙanƙara. Sanyin Nijeriya bai kai na daskarar da lagireto ba, amma direbobin Jos sun san cewa batirin da zafin bazara ya riga ya cinye, asubahin Disamba ne ke tona masa asiri. Daga nan sai a ja cok, ko a nemi gangare, ko a kira samari su tura, direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci. Turin mota ƙanen ƙarfen murɗawa ne, domin duka biyun ƙarfin ɗan Adam ne ke ranta wa inji juyin farko.

Dawowar Lantarki Cikin Tsohuwar Riga

Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, shi ya buɗe wa lantarki ƙofar dawowa, domin yana ɗaukar wuta mai yawa a nauyi kaɗan. Tesla Roadster ta fito a 2008, Nissan Leaf a 2010. Ba a daɗe ba sai hankali ya koma kan tsofaffin motoci, kuma abin ya kasu gida uku.

Kashi na farko shi ne juyi, wato a ɗauki tsohuwar mota ta ainihi a cire injinta a sa batir. Mafi shahara ita ce Jaguar E-type ta 1968 da kamfanin Jaguar ya juya ya nuna a 2017, wadda Yarima Harry na Ingila ya tuƙa amaryarsa a ciki ranar aurensu a watan Mayu na 2018. An tsara batirinta ya yi kusan girman tsohon injin da nauyinsa, ya zauna a mazauninsa, yadda za a iya mayar da injin idan an so. A 2019 Volkswagen ya nuna Beetle mai lantarki, kuma ƙananan kamfanoni irin su Lunaz a Ingila suka shiga juya Rolls-Royce da Bentley. Faransa ta halatta irin wannan juyi a doka a 2020.

Kashi na biyu shi ne kwaikwayo, wato sabuwar mota da aka ƙera daga tushe da siffar tsohuwa. Wannan ma yana da dogon tarihi. A shekarar 1926 Ettore Bugatti ya ƙera wa ƙaramin ɗansa 'yar mota mai rabin girman motar tserensa ta Type 35, kuma waɗanda aka sayar daga 1927 zuwa 1936, kimanin 500, da batir suke tafiya. A 2019 aka farfaɗo da ita da sunan Bugatti Baby II, mai kashi uku cikin huɗu na girman ta asalin, ita ma da lantarki. Kashi na uku kuwa sababbin motoci ne da suka ari fuskar kakanninsu kawai, kamar Fiat 500 mai lantarki ta 2020, da Volkswagen ID. Buzz ta 2022, da Renault 5 ta 2024.

A Nijeriya ma an taɓa juyi, sai dai bukata ce ta kawo shi, sabanin Turai inda marmari ya fi yawa. A 2014 wani ɗalibin injiniya a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya mayar da tsohuwar Beetle mai aiki da batir da hasken rana, kuma a Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen juya ƙananan motocin bas na haya zuwa lantarki. Tsadar fetur bayan janye tallafi a watan Mayu na 2023 ta ƙara wa irin wannan tunani nauyi.

Gardamar Asali

Masu goyon bayan juyi suna da hujjoji masu ƙarfi. Kayan gyaran tsofaffin injuna na ƙarewa, makanikan da suka san kafireto na tsufa, birane na tsaurara dokokin hayaƙi, kuma motar da aka kulle a gareji saboda wahalar tashi tsatsa ce ke cin ta. A ganinsu gara mota ta rayu a kan titi da batir da ta mutu a ɗaki da injinta.

Ƙungiyar duniya ta masu adana tsofaffin motoci, wadda ake taƙaita sunanta da FIVA, ba ta yarda da haka ba. A watan Oktoba na 2019 ta bayyana cewa motar da aka cire wa inji aka sa mata lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi. A ma'aunin ƙungiyar, motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30, aka kuma adana ta a yanayinta na asali. Ta ba da shawarar cewa duk wanda ya nace sai ya juya tasa, to, ya yi yadda za a iya mayarwa, ya kuma adana sassan da ya cire.

Ɗalibin adabi ba zai rasa gane wannan gardama ba, domin irinta ake yi a kan waƙar baka idan aka rubuta ta a takarda. Kalmomi sun tsira, amma murya da kiɗa da amshi sun tafi. Haka tsohuwar mota take. Siffarta ɓangare ɗaya ce ta tarihinta. Ɗaya ɓangaren yana cikin hannu da kunnen direba: sanin iya inda za a ja cok, da jin sautin da ke nuna inji ya kusa kamawa, da haƙurin jiran ya yi ɗumi. Wannan ilimi ba ya zama a gidan tarihi, sai an riƙa aikata shi. Shi ya sa gangamin shekara-shekara daga Landan zuwa Brighton ke da daraja. A Lahadin farko ta Nuwamba, da fitowar rana, ɗaruruwan motocin da aka ƙera kafin 1905 sukan tashi daga dandalin Hyde Park su yi tafiyar kusan mil 60, kuma yawancin masu su da hannu suke tayar da su cikin sanyin asuba. A cikinsu akwai masu tururi da masu lantarki na ainihi, shaidar cewa tun farko su uku ne a fagen.

Sanyi Bai Yi Murabus Ba

Motar lantarki ba ta da matsalar tashi irin ta injin fetur, domin ba ta da fetur ɗin da zai ƙi zama tururi, kuma injinta na juyawa nan take. Amma sanyi ya sauya mata tambaya: daga ko za ta tashi, zuwa ina za ta iya kaiwa. Injin fetur yana zubar da fiye da rabin ƙarfin mansa a matsayin zafi, kuma da wannan zafin banza ake ɗumama fasinjoji. Motar lantarki kuwa daga batirin tafiya take ɗibar ɗumin. Gwajin da ƙungiyar direbobin Amurka ta AAA ta yi a 2019 ya nuna cewa a kusan digiri 7 ƙasa da sifili, idan an kunna hita, nisan tafiya na raguwa da kashi 41 cikin ɗari. Har ila yau, batirin litiyam ba ya karɓar caji da sauri idan ya yi sanyi, kuma tilasta masa na lalata shi. A watan Janairu na 2024 an ga motocin lantarki sun yi cirko-cirko a wuraren caji na birnin Shikago saboda tsananin sanyi. Tsohuwar motar da aka juya ta fi fuskantar wannan, domin gurbin batirinta kaɗan ne, jikinta kuma ba ya riƙe ɗumi.

Duk da haka, ƙasar Norwe mai tsananin sanyi ita ce kan gaba, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne zalla. Dabararsu ita ce a ɗumama batir da cikin mota tun tana jone da wutar gida, wato dai hitar Freeman ce ta dawo da sabon suna. Wani abin lura kuma, yawancin motocin lantarki suna ɗauke da ƙaramin batir mai bolt 12, sau da yawa na darma irin na Planté, wanda shi ke farkar da na'urori ya jona babban batir. Idan sanyi ya kashe shi, motar ba ta motsi ko da babban a cike yake. Da tsohuwar zuma ake magani, amma a nan tsohuwar zumar ta zo har da tsohon ciwonta.

Kammalawa

An ga yadda raunin injin fetur a gaban sanyi ya ba motar lantarki fifiko a farkon ƙarni na ashirin, da yadda sitata ta 1912 ta juya wannan fifiko, da yadda lantarki ya dawo bayan shekara ɗari cikin gangar motocin da suka kore shi. Game da gardamar asali, ra'ayin wannan maƙala shi ne a bambanta. Motar da aka ƙera miliyoyi, kamar Beetle da ta haura miliyan 21 kafin a rufe ƙirarta a Meziko a 2003, ba a yi asara ba idan an juya wasu, musamman inda juyin zai ciyar da iyali. Motar da 'yan kaɗan suka rage kuwa amana ce, a bar ta da injinta, a kuma koya wa na baya yadda ake tayar da shi. Ita kuma ta kwaikwayo a kira ta da sunanta, domin kama da wane ba ta wane.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Fijo 404 da 504 da Beetle da suka yi jigilar malamai da 'yan kasuwa da amare a Nijeriya suna ƙarewa a hannun masu sayen tsohon ƙarfe, makanikan da suka ƙware a kansu kuma suna raguwa. Ya kamata jami'o'i da gidajen tarihi su adana kaɗan daga cikinsu da ransu, su kuma naɗi bayanan waɗannan makanikai da direbobi, har da kalmomin sana'arsu, tun suna iya nuna wa yaro yadda ake jan cok da asubahin hunturu.